Ba a fafe gora ranar tafiya: nasiha ga masu ciwon fuka

Daren Larabar da ta wuce ina jinyar kawuna a wani asibiti a nan Maraɗi, wajen ƙarfe biyu aka shigo da wani ɗan kabu-kabu, abokansa suna tallafe da shi, ƙirjinsa yana kuka kamar usur, ya kasa haɗa kalma uku. Kafin asuba an kawo wasu biyu, dukansu magidanta, kuma duka fuka ce, wadda likitoci ke kira asma. Da aka tambayi ina maganin saurayin na kullum, abokinsa ya ce ya ajiye shi tun ƙarshen damina domin ya ji sauƙi.

'Yan'uwana, wannan "na ji sauƙi" ita ce ke ba ni haushi. Fuka ba ta tafiya, kwanciya take yi. Hanyoyin numfashi suna nan a kumbure ko a ranar da mutum yake dariya a fada, kuma Ventoline ɗin nan, abin shaƙa mai launin shuɗi da kowa ke sakawa a aljihu, buɗe su kawai yake yi na 'yan sa'o'i, ba ya taɓa kumburin. Mai kwantar da kumburin shi ne ɗayan abin shaƙar, irin su beclometasone, wanda ake so a shaƙa kullum, shi ne kuma muke jefawa a kwaba. Tun 2019 masana ciwon suka daina ba da shawarar babba ya dogara da shuɗin shi kaɗai, kuma wanda ke ƙarar da gwangwani 3 na shuɗin a shekara yana cikin haɗarin a kwaso shi da dare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kowa ya san hazo zai sauko daga Disamba zuwa Fabrairu, ba baƙo ba ne. Duk da haka sai mutum ya wuni a kan babur cikin ƙura hanci a buɗe, ya kwana da hayaƙin maganin sauro a ɗaki rufe, numfashi ya tashe shi dare uku a jere, ya ce mura ce. Kuɗin shisha da na katin waya ba su taɓa gagararsa, na magani ne kullum ake jiran ƙarshen wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 fuka ta kashe mutum 455,000, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ku koma wurin likita tun kuna iya tafiya da ƙafarku, don Allah.

A da, idan yaro ya kwana yana tari, da safe maigida zai kira shi ya tambaya, maƙwabci ma zai leƙo, kuma iyayenmu ba su fita cikin hazo sai sun ja rawani sun rufe hanci. Yanzu gida ɗaya ake kwana, kowa da wayarsa. Mahaifin saurayin nan ya iso bayan sallar asuba, a nan ne ya fara jin cewa ɗansa ya yi wata uku ba ya shan magani.