Lasifika biyar, sauti biyu: wace irin cuta ce wannan?

Da masu sayar da kayan sauti nake yau, su da yaran da suke turowa gida su haɗa wa mutum. Ku ji tsoron Allah. Da yawa daga abin da kuke jibgewa a shago, an rubuta masa 5.1, wato tsarin sauti mai kewaye mutum gaba da baya, da manyan baƙi a jikin kwali, rediyo ce kawai mai lasifika biyar. Ko kun sani kuka ɓoye, ko ba ku sani ba kuka buɗe shago kuna karɓar kuɗin mutane, duka biyun laifi ne.

Abin da nake nema ba wani abin a zo a gani ba ne. Ina son kallon faifan wasan mawaƙa da makaɗa, irin wanda aka ɗauka a babban zaure cike da jama'a. Wanda ya taɓa jin irinsa a kayan ƙwarai ya san abin da nake faɗa. Muryar mawaƙi tana fitowa daga lasifikar tsakiya, daidai ƙasan talabijin. Makaɗa suna baje a gabanka, wannan hagu wancan dama, har ka iya nuna inda mai ganga yake da yatsa. Tafi da sowar jama'a da amsa-kuwwar zauren kuwa ta baya suke zuwa, wani ya yi fito can bayan kafaɗarka ta hagu har sai ka waiga. Ita wufa, babbar lasifikar nan mai rugugi, aikinta ƙasan sauti ne, wanda bai wuce 120 Hz ba, kuma ita ce ɗayan nan da ake rubutawa bayan biyar a 5.1. Hanyoyi shida ke nan daban-daban, kowacce da abin da mai haɗa sauti ya zuba mata tun a situdiyo. Don wannan na tara kuɗi.

Haka na yi wa mai shagon da na je saye bayani dalla-dalla. Ya ce, "Alhaji, ai ka zo gida. Wannan orijina ce, in ka kunna har maƙwabta sai sun fito." Na ce, "Malam, ni ba maƙwabta nake so su fito ba. Tana raba sauti shida ko ba ta rabawa?" Ya bugi ƙirji, ya nuna mini kwali, ya ƙure wufa har gilashin kantarsa na rawa. Ga hayaniyar kasuwa, ga janareto na ruri a ƙofar shago. Kunnen wa zai tantance gaba da baya a wannan wuri? Kuma da gangan suke gwada wa mutum haka.

A gida asiri ya tonu. Bayan akwatin babu komai sai ramuka biyu, ja da fari, sai wurin sa filash da katin memori, sai eriyar FM da Bluetooth. Ja da fari hanya biyu ce, dama da hagu. Bluetooth ɗin ma hanya biyu yake ɗauka. Babu ramin HDMI, babu ramin wayar haske, waɗanda ta nan sauti shida ke shiga, babu kuma abin da ke warware Dolby Digital ko DTS, tsarin da ake ƙunshe sautin shida a faifai, a cikinta. To sauti shida ta ina zai shiga, ta taga? Abin da take yi shi ne ta kwafi na hagu ta watsa gaba da baya, ta kwafi na dama ta yi masa haka. Na sa faifan gwaji, irin wanda murya ke kiran lasifika ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira ta baya ta hagu, sai ta gaba da ta baya suka amsa tare. Na sa faifan wasan, mawaƙi na rera waƙa a gabana yana kuma rerawa a ƙeyata, tafin jama'a ya cakuɗe da kiɗa, zauren gaba ɗaya ya ɓace. An yi mini sakiyar da ba ruwa.

Batun wat kuwa abin dariya ne in ba don kuɗina ne a ciki ba. Kwali ya ce wat 10,000, da ƙananan haruffa PMPO a gefe, wato ƙololuwar ƙarfi na ƙiftawar ido. Ƙaramar takardar da ke manne a bayan akwatin ta ce wutar da yake ja ba ta kai wat ɗari ba. Na'ura ba ta fitar da abin da ba ta ja ba, ko yaron sakandare ya san wannan. Ma'aunin da ake iya dogara da shi RMS ne, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai, shi kuwa ko a kwali ko a takardar cikinsa ban gan shi ba.

Sai yaron da aka haɗo ni da shi, wanda a shago ake kira injiniya. Ya jera lasifiku biyar reras a kan teburin talabijin, ya ce sun fi kyan gani a haka. Na ce, "Samari, na baya fa?" Ya ce, "Yallaɓai, waya ba za ta kai ba." Alhali ƙa'idar a rubuce take tun da daɗewa: na gaba biyu su buɗe digiri 30 hagu da dama daga inda kake zaune, na baya tsakanin digiri 100 zuwa 120, duka daidai tsayin kunne. Bai taɓa jin haka ba, ubangidansa ma bai taɓa ji ba. Ya juya wayar lasifika ɗaya, ja a gurbin baƙi, ya karɓi kuɗin aiki, ya nemi na mota.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsadar lokacin da mutum ke samu ya zauna ya saurara. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kunna janareto don kallo ya zama sai an yi lissafi. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wuta na rukunin Band A naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin sa'a 20 a rana. Wanda ba ya cikin rukunin kuma sai jira, in an kawo ma wani lokaci rabin wuta ce, sitabilaiza na ta ƙas-ƙas. In janareto ne, ƙararsa ta cinye ƙananan sautukan baya, waɗanda su ne daɗin abin. Ka jure duk wannan, ka samu dare ɗaya da wuta tsayayya, yara sun yi barci, ka kunna, sannan ka tarar kayan ma na bogi ne.

Na mayar. Mai shagon ya zaro rasit ya nuna mini layin ƙasa, wai kaya in ya fita ba ya dawowa. Na ce masa dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, ta 2018, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da yadda aka siffanta masa ba, kuma rubutun rasit ba ya soke doka. Ya yi murmushi ya ce, "Haba Alhaji, mu da ku ai ba ma haka." Sai ya jawo wata doguwar lasifika guda ɗaya, ya ce in yi ciko in ɗauka, wannan Atmos ce. Dolby Atmos, wata fasahar sauti, ta fara a sinima a 2012, ta shigo gidaje a 2014, kuma ginshiƙinta sautin da ke zuwa daga sama, ko ta lasifikun rufi ko waɗanda ke harba sauti sama ya dawo. Na juya bayan lasifikar tasa. Ja da fari.

Ba na son ciko, ba na son canji, ba na son a ba ni haƙuri da "haka kamfani ya kawo". In kamfani ya yi maka ƙarya, kai da shi, ni kai na miƙa wa kuɗi. Ka sayar da ita a matsayin rediyo mai wufa, a farashin rediyo mai wufa, akwai masu so don biki da suna, ba wanda zai ce maka uffan. Kayan suna nan a kwalinsu, ko ledar rimot ban cire ba. Ranar Asabar zan koma da su da faifan gwajin, mu kunna a gaban maƙwabtan shagonsa da shugaban layinsu, a kira ta baya ta hagu kowa ya ji wadda za ta amsa.