Masu taunar ƙanƙara, ku tausaya wa haƙoranku

Jama'a, wannan ɗabi'a ta daɗe tana damuna. Mutum ya shanye abin da ke cikin kofi, ya ɗaga ya zuba ragowar ƙanƙarar a baki, ka ji ƙurus-ƙurus. Ka yi masa magana ya ce ai ruwa ne kawai, babu sukari. Haka ne, ƙanƙara ba ta sa haƙori ruɓewa, amma tana fasa shi.

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adinai ne. Taurin nan ne ke yaudarar mutane. Ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi kamar tangaran. Kuma babu ƙwayoyin halitta masu rai a cikinsa, shi ya sa ƙashi kan karye ya haɗe, amma inamel in ya ɓantare ya tafi ke nan. Duk sanda turamen haƙori suka danne ƙanƙara, ƙarfin cizo da tsananin sanyi suna haɗuwa a wuri guda. Tsagar farko ko a madubi ba za ka gan ta ba. Sai wata rana ka kurɓi ruwan sanyi, zugi ya ratsa ka har cikin kai. Wanda aka yi wa ciko, ko aka sa wa hular haƙori, ko yaron da ke da wayar gyaran haƙora, nasu ya fi saurin lalacewa. Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ma ta ja kunne a kan haka.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya kasa dainawa. Akwai mutanen da kwaɗayin ƙanƙara ke kama su kullum, ko ana sanyi ko ana zafi. Likitoci sun san wannan yanayi, suna ce masa pagophagia, kuma sau da yawa yana tafiya ne da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. An fi ganinsa ga masu juna biyu da matan da jinin al'ada ke zubar musu da yawa. Da dama daga cikinsu, da zarar an magance ƙarancin, sai kwaɗayin ya gushe. To ina amfanin yi wa irin wannan baiwar Allah faɗa? Idan ga taunar ƙanƙara ga kasala, ga jiri, ga haki bayan ɗan tafiya kaɗan, a kai ta a auna jininta. Kada kuma a saya mata maganin ƙarin jini da ka, domin ƙarfen in ya yi yawa shi ma cuta ne.

Mai son sanyin kawai, ya bar ƙanƙarar ta narke a kan harshe. Wanda kuma haƙorinsa ya fara zugi in ya cije abu, ya je wajen likitan haƙori tun kafin tsagar ta kai ga jijiya.