Yadda kwamfutar ƙarƙashin gado ta kai ni gaban surukina

Kun san tsohuwar laftof ɗin nan tawa mai RAM giga 8, wadda fankarta ke kuka kamar injin markaɗe. Ita na ɗora wa Ollama, manhajar da ke tafiyar da AI a kan kwamfuta, na sauke Llama 3 ƙarami, wato AI ɗin da ke rubuta amsa, wajen giga 5 na data, na haɗa da n8n, mai haɗa manhaja da manhaja, don ya riƙa amsa wa masu tambayar kuɗin shadda a WhatsApp. Komai a gida, ba kuɗin wata. Na tura ta ƙarƙashin gado ina jin kaina injiniya. Sai na manta ban ware lambobin 'yan uwa ba.

Ranar Laraba Maman Walid na fama da zazzaɓi. Baba, mahaifinta, ya rubuto: "Yaya mutuniyar, tana nan dai ko?" Ina Kasuwar Barci, ban gani ba. Abin nan ya amsa: "Tana nan Alhaji, mai kyau ce. Amma in an saya ba a dawowa da ita."

Bayan isha'i aka kira ni Tudun Wada. Na cire takalmi tun daga ƙofar zaure, na durƙusa. Baba bai ce komai ba, ya miƙa wa Auta wayar ya ce ya karanta.

Auta fa! Yaron da har yau bai biya ni yadi biyar na Sallar bara ba. Ya gyara murya kamar mai karanta labarai a rediyo, ya karanta a hankali, ya kai "ba a dawowa da ita" ya tsaya ya kalle ni, ya sake maimaitawa. Wai Baba bai ji da kyau ba. Baba ya ji sarai. Kuma shaddar tawa ce a jikinsa, har da guga.

Na ce, "Baba, wallahi ba ni ba ne, na'ura ce."

"Wace na'ura?"

"Tana ƙarƙashin gado."

Nan Auta ya fita waje, ina jiyo dariyarsa har bakin titi. Baba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "To ka gaya mata mu ma ba mu ce a dawo da ita ba."

Da na koma gida don in kashe ta, an ɗauke wuta tun la'asar, batirin ya riga ni. Auta kuma jiya ya turo saƙo, wai ko akwai ruwan toka.