Ranar da na kashe wa Baba tumatir

Akwai wani tsoho maƙwabcinmu a Brescia ta Italiya, wanda muke ce wa Baba, mai lambu a bayan gida. Ranar Lahadi abokin wasansa bai zo ba, sai ya leƙo ta katanga ya ce ko na iya bocce, wasan gangara ƙwallo na Italiyawa. Ni kuwa da shegen bakina na ce a Damagaram na tashi, petank muka sha tun muna yara, ai duk kanwar ja ce.

Ashe ba ja ɗaya ba ce. Ƙwallon petank na ƙarfe ne, daidai tafin hannu. Na bocce kuwa ƙato ne, nauyinsa ya kusa kilo guda, guda takwas, huɗu ja huɗu kore, da ɗan mitsitsin da suke kira pallino. Baba ya yi ta bayani: a fara jefa pallino, ɓangaren da ya fi nisa da shi su ne za su yi ta gangarawa har su fi kusa ko nasu ya ƙare, sannan ɓangare ɗaya ke cin maki, kowane ƙwallon da ya fi na abokan karawa kusa maki guda, wanda ya fara kai 12 ya ci. Ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Daga nan ya gangara tarihi, tun Rumawan da ke yi da duwatsu har Garibaldi, gwarzon haɗa kan Italiya, da yake son wasan. Sai ya ce petank ɗin da nake taƙama da shi jiya-jiya aka haife shi a La Ciotat ta Faransa, saboda wani mai ciwon ƙafa da ya kasa ɗaukar gudu. Wasan garinmu ne fa ya mayar na guragu. Na haɗiye, amma ta tsaya mini a wuya.

Wasa ya yi nisa, ni da Baba muna da 11, abokan karawarmu 10. Ƙwallon Baba na manne da pallino, nasu ya ƙare kaf, saura ɗaya a hannuna. Wallahi ko a aljihu na saka shi mun ci. Baba ya dafa kafaɗata yana cewa "piano, piano", wato a hankali. Ni kuma maganar guragun nan ce ke mini yawo a ka. Na haɗe ƙafafu, na ɗan durƙusa, na kifa hannu irin na 'yan Damagaram, na cilla shi sama.

Ya tashi kam. Har na ga tsofaffi huɗu sun ɗaga kai tare, hular ɗaya ta faɗi. Duk faɗin filin nan bai ga wurin sauka ba sai tsakiyar kan ƙwallon Baba. Ƙau! Na Baba ya yi gabas. Nawa ya daki katakon gefe, ya yi tsalle, ya faɗa lambu, ya karya sandar da aka ɗaure tumatir. Itacen ya ɗan yi tunani, sannan ya kwanta a hankali, piano piano, yadda aka ce in yi tun farko. Ni kuma har lokacin ina durƙushe, hannu a sama, kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Amma duk wanda ya fi ƙona mini rai surukin Baba ne. Mutumin nan ba ya wasa. Ban taɓa ganin ya taɓa ƙwallo ba. Aikinsa zama a kujerar roba da abin awo a aljihun riga, ko tazarar da makaho zai gani sai ya tashi ya auna. Shi ne ya miƙe yana sanar da jama'a cewa wanda zai doki ƙwallo dole ya faɗi wanda ya nufa tukuna, ni ban faɗa ba, don haka jifan ya ɓaci, sai dai abokan karawa na da zaɓi, ko a mayar da komai wurinsa ko su karɓa yadda yake. Wa zai ƙi? Suka karɓa hannu bibbiyu. Ya durƙusa ya auna, ya sake aunawa, ya kalle ni ta saman tabarau ya ɗaga yatsu biyu, wato sun kai 12, sun cinye mu. Wannan mutumin fa ni na ɗaukar masa buhun siminti har bene na biyu a bara, ko ruwa bai ba ni ba.

Matar Baba ta fito, ba ta ce uffan ba. Ta tsinke ɗanyun tumatirin nan kore shar ta zuba a leda ta miƙo mini. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri." Ta dai ƙara miƙo ledar.

Wani mutumin Maraɗi yana tsaye bakin katanga tun farko, ya rantse bai ɗauka a waya ba. Ban yarda ba. Tumatirin na nan kan taga, biyu sun fara ja.