Yaro ya ce ya kasa dainawa, ku kuma kuna ta dariya

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Wannan saƙon muryar da kuke ta turawa daga wannan gurup zuwa wancan, har wasu sun ɗora masa kiɗa sun sa a TikTok, ban ga abin dariya a cikinsa ba ko kaɗan. Yaro ya aika wa wanda ya ɗauka babba ne mai riƙon amana, muryarsa na rawa, yana cewa kallon batsa ya fi ƙarfinsa, a taimake shi. Shi kuma wancan ya kwashe ya watsa wa duk Yamai. Wanda ya fara fitar da shi ya ci amana, wanda ya tura gaba ya taya shi ci. Hukuncina a kansu ke nan, kuma ba zan sassauta ba.

Kun ma saurari abin da yaron ya faɗa? Bai ce yana jin daɗi ba. Cewa ya yi ya kasa dainawa. Ya rantse ya karya, ya goge ya sake saukewa, ya ba abokinsa wayar ajiya, kafin dare ya koma ya karɓo. Ya ce sau da yawa kiran asuba kan same shi idonsa biyu da waya a hannu, sai ya kwanta lokacin da mutane ke tafiya masallaci. Ya ce karatunsa ya zube. Kuma ya faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai, cewa yanzu ko daɗin ma ba ya ji, hannunsa ne kawai ke kai shi. Duk wanda ya ji wannan ya yi dariya, bai san abin da ya ji ba. Mutum ne yake lissafa alamomin ciwonsa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin wani ya zo mini da wa'azi a ƙasa, bari in rufe wannan ƙofar. Kallon batsa haramun ne, ban taɓa cewa ba haka ba. Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, ta umarci maza da mata su runtse idanu su tsare farjinsu. To amma ku koma baya kaɗan a wannan surar dai, aya ta 19, ku karanta abin da aka tanadar wa masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. Shi yaron ya ɓoye laifinsa ya nemi mafita. Ku ne kuka yayata. Kuma hadisin wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa ranar alƙiyama, duk mun haddace shi tun muna makarantar allo. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Abin da nake so ya shiga kunnenku shi ne, akwai bambanci tsakanin wanda ya kalla da wanda ya kasa barin kallo. Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan matsala a cikin kundinta na cututtuka, bugu na 11, wanda aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a watan Janairun 2022. Lambarta 6C72, ciwon kasa riƙe kai a kan abin da ya shafi sha'awa. Kuma ba da yawan kallo suka auna ba. Babu inda aka ce sau kaza a mako shi ne ciwo. Abin da suka duba shi ne: mutum ya yi ta ƙoƙarin ragewa ko bari yana kasawa, abin ya zama shi ne tsakiyar rayuwarsa har ya yi watsi da lafiyarsa da tsaftarsa da aikinsa da haƙƙin da ke kansa, yana ganin ɓarnar da idonsa amma yana ci gaba, ko kuma yana ci gaba alhali daɗin ya tafi. Sannan abin ya daɗe, kamar wata 6 ko fiye, ba na mako guda ba. Ku ɗauki wannan ku ɗora a kan maganar yaron, ku gaya mini wanne ne bai faɗa ba.

Kasawar ita ce alama. Ba kallon farko ba, ba abin da aka gani a wayarsa ba. Kasawar.

Kuma ba sai ka leƙa wayar kowa ba kafin ka gane, ba na ma son ka leƙa. Ɗalibin da ke ƙetare gadar Kennedy kullum zuwa jami'a, ka ga ya daina zuwa darasin safe, in ya je ma barci yake. Ɗan kabu-kabu da abin da ya samu da rana yake ƙarewa a sayen forfen intanet na dare, gari ya waye babu na mai. Saurayin da a da shi ne mai dafa shayi a fada, yanzu ko ya zo yana gefe, ya juya fuskar waya, in ka matso ya zabura. In koneksiyo ya yanke ko caji ya ƙare sai ka ga ya fusata kamar an zage shi. Magidancin da ya daɗe a banɗaki da waya, ya fito bai iya haɗa ido da iyalinsa. Ba na ce duk mai ɗaya daga cikin waɗannan batsa ce ta kama shi ba, damuwa ma na kawo irin haka. Amma shi mutumin ya san kansa. In ka taɓa ce wa kanka yau ne na ƙarshe, ka sake faɗa, ka sake faɗa, har ka daina yarda da rantsuwarka, to ba ka buƙatar kowa ya gaya maka.

Akwai kuma wani gefe da ya kamata samari su ji, don na ga yadda wasu ke firgita kansu. Wanda ya zame sau ɗaya ko lokaci-lokaci, ya ji nadama mai tsanani, ya tuba, ya ci gaba da karatunsa da sallarsa da sana'arsa, wannan ba mara lafiya ba ne. Mai zunubi ne da zuciyarsa ke raye, ƙofar tuba kuma a buɗe take. Ita kanta Hukumar Lafiya ta fayyace cewa baƙin cikin da tushensa kawai jin an yi abin da bai dace ba, bai isa a kira shi ciwo ba. Don haka kar mai tallan magani a bakin kasuwa ya tsorata ka cewa ƙwaƙwalwarka ta ruɓe ko mazakutarka ta mutu, don ya sayar maka da gari a leda.

Yanzu masu cewa rashin tsoron Allah ne kawai. Yaron da ya tashi cikin dare yana kuka yana neman wanda zai taimake shi ya bar saɓo, shi ne marar tsoron Allah? Marar tsoron Allah ba ya aika irin wannan saƙon. Masu cewa kowa ma na kallo, mene ne na kuka, ba da ku nake ba, tunda kun riga kun nuna ba ku ji bambancin ba. Masu cewa ciwon Turawa ne, wayar da ke hannunku fa, a kasuwar Katako aka ƙera ta? Abin da ya shigo da wayar ya shigo mana gida, ya zama namu.

Sai masu “a yi masa aure”. Wannan ce ta fi yawa, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Aure sunna ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da samari a kai, ya ce wanda bai samu iko ba ya yi azumi. Amma ku tambayi matan aure in za su gaya muku gaskiya. Nawa ne ke kwana kusa da miji yana juya musu baya da hasken waya a ƙarƙashin bargo? Nawa ne aka nemi su yi abin da ransu bai so, don mijin ya gani a fim? Nawa ne ke zargin kansu, suna sayen kayan mata, suna tunanin su ne ba su isa ba, alhali matsalar ta riga su shiga gidan? Wanda ya kasa dainawa kafin aure, ɗaurin aure ba ya cire masa kasawar. Sai dai a ƙara ƴar mutane a cikin waɗanda za su sha wuya. A fara da magani, aure ya biyo baya.

Me ya sa yake riƙe mutum haka? Ƙwaƙwalwa na da hanyar da take koyon abin da ya ba ta sauƙi, akwai sinadarin da ake kira dofamin da ke sa mutum ya sake neman abin. Intanet kuma ba ta ƙarewa, kowane shafa ɗaya sabuwar fuska. Mutane da yawa da abin ya kama suna faɗin cewa abin da ya ishe su a da ya daina isa, sai sun ƙara lokaci ko sun nemi wanda ya fi muni. Amma abin da na fi so ku lura da shi: sau da yawa ba sha'awa ce ke tura mutum ba. Kaɗaici ne, zaman banza ne, baƙin ciki ne. Yaro ya ci jarrabawar bak, ya gama jami'a, babu aiki. Ɗan ci-rani daga Tawa yana Abijan ko Libiya shekara da shekaru, ɗaki ɗaya, ba mata, ba dangi. Ransa ya ɓaci, ya kalla, ya ɗan manta, kunya ta rufe shi, ya guji mutane, kaɗaicin ya ƙaru, ya koma. Haka yake zagayawa. Likitoci ba su gama daidaitawa ba ko za a kira shi jaraba irin ta tramol, Hukumar Lafiya ma a rukunin kasa riƙe kai ta ajiye shi, ba a na ƙwaya ba. Wannan gardamarsu ce. Wanda ke ciki dai ya san ya kasa.

To kun ga abin da dariyarku ta yi? Kunya ita ce abincin wannan ciwon, ku kuma kuka ƙara masa. Kuma ba shi kaɗai kuka cutar ba. Duk wani yaro da ya daɗe yana tara ƙarfin hali don ya faɗa wa yayansa ko malaminsa, jiya ya ga sakamakon faɗa. Ya haɗiye. Ƴan mata ma na cikin wannan hali, su kuwa ko a mafarki ba za su buɗe baki ba bayan abin da suka gani.

Ƙanena, in wannan rubutu ya iso gare ka, ko kai da ke karantawa kana jin da kai ake: ba ka lalace ba, kuma ana fita. Ka zaɓi mutum ɗaya mai hankali, ka gaya masa baki da baki, ba ta saƙon murya ba. Waya kar ta kwana tare da kai a ɗaki, ka bar ta wurin Inna ko wurin yaya. Ka lura da lokacin da abin ke zo maka da halin da kake ciki in ya zo, ka cika wannan lokacin da wani abu, ƙwallo, karatun dare a masallaci, aikin hannu. In ka zame kar ka ce shi ke nan, ka tashi ka ci gaba. In kuma barci ya ƙaurace maka, ko kana jin rayuwa ta ishe ka, ka je ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Babbar asibitin Yamai na da sashen, wanda muke kira Pavillon E. Na san mun mayar da sunan abin tsokana, amma ba masu yawo a titi kaɗai ake dubawa ba, ana zama da mutum a yi magana, a koya masa yadda zai riƙe kansa, a duba ko akwai ciwon damuwa a ƙasa. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna.

Abu ɗaya ne ba ni da tausayi a kansa: hotuna ko bidiyon ƙananan yara. Wannan ya wuce ciwo, laifi ne, kuma dokar ƙasarmu ta 2019 a kan laifukan intanet tana hukunta shi.

Tunda na taɓo waya, ku masu gyaranta da masu tura fina-finai a memori, ina da magana da ku. Yaro ɗan shekara 12 ya zo da ɗari biyu ya ce a sa masa waƙa da kokowa, kai babba da gemunka ka ƙara masa da abin da bai tambaya ba don ya dawo gobe. Wani kuma a kawo masa waya gyaran gilashi, ya ce sai an ba shi lambar buɗewa, ya zauna yana bin hotunan matar mutum ɗaya bayan ɗaya, har ya kwafa. Ba duka ba ne, na san masu amana a cikinku da yawa, kuma su ya kamata su fara tsawata wa sauran. Gyaran gilashi ba ya buƙatar shiga hotunan kowa. Mata, in za ku kai gyara ku cire memori da sim, in ya ce dole sai an buɗe don gwaji, ku tsaya a kansa ya gwada a gabanku.