Wai jininmu ya fi ƙarfin bairos?

Makon jiya wani saƙon murya ya sake zagayowa a WhatsApp. Mai maganar yana cewa tunda korona ba ta yi mana ɓarnar da ta yi wa Turai ba, ai an tabbatar jinin baƙar fata ya fi ƙarfin bairos, don haka allurar ciwon hanta da ake yi wa jarirai ɓata lokaci ce. Wani maƙwabcina da aka yi wa haihuwa kwanan nan ne ya kunna min a ƙofar masallaci bayan magariba, yana ji yana gyaɗa kai. Abin ya tsaya min a rai.

Gado yana da hannu a yadda cuta ke kama mutum, wannan ba a musu. Akwai ƙwayoyin gado da ake kira HLA, aikinsu su ɗauko ɓarɓashin bairos su nuna wa sojojin garkuwar jiki don su gane abokin gaba. Kowa da irin nasa. A 1995 wani bincike a Gambiya ya gano cewa masu wani nau'in HLA sun fi iya kawar da bairos ɗin ciwon hanta nau'in B daga jikinsu. To amma wa aka gwada da wa? 'Yan Gambiya da 'yan Gambiya, duk baƙar fata. Bambancin na tsakanin mutum da mutum ne, har 'yan uwa ciki ɗaya sukan bambanta, kuma babu mai gane nasa ta hanyar jin ƙarfin jiki.

In ma za a yi lissafin nahiya, ba kullum yake faɗowa a wajenmu ba. Wani sauyi na ƙwayar gado mai suna CCR5 da ke toshe wa HIV ƙofar shiga, kusan mutum 1 cikin 100 a arewacin Turai ya gaje shi ta uwa da uba, a Afirka kuwa kusan babu shi. Haka a 2009 aka gano wani nau'in ƙwayar gado mai suna IL28B da ke taimakawa wajen kawar da ciwon hanta nau'in C, kuma ya fi ƙaranci a cikin masu asalin Afirka. Me ya sa mai saƙon bai faɗi waɗannan ba?

Masu kare shi za su kawo binciken 2020 da ya ce wani ɓangaren gado mai tsananta korona kusan babu shi a Afirka, kamar ɓangare ɗaya ne ke yanke hukunci. Su tambayi maƙabartun Kano. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mutum 979 da suka rasu a Kano a wajen watan Afrilun 2020, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa na da alaƙa da korona.

Abin da ya fi ci min rai shi ne jariri ne zai biya kuɗin wannan ƙaryar. Babba in ya kamu da ciwon hanta nau'in B yawanci jikinsa na kawar da shi, jariri kuwa kusan 9 cikin 10 cutar zaune musu take, tana cin hanta a ɓoye shekara da shekaru. Shi ya sa ake son allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.

Hukumomin lafiya su fito su mayar da martani da Hausa, da murya, a inda ƙaryar ke yawo. Maƙwabcina dai an yi suna, an yanka rago, har yau bai kai yaron asibiti ba, kuma gobe da safe zan sake komawa gidansa.