Zafin Jidda da ƙanƙarar Mosko, ni dai na san wanda zan ɗauka

Jiya da dare mun sha musu da ƙanina a WhatsApp har wajen ƙarfe ɗaya. Shi yana karatu a Mosko shekararsa ta uku kenan, ni kuma ina nan Jidda tun 2014 ina jan motar rabon kaya. Ya ce min Yaya ai gara nan, sanyi ka ƙara riga kan riga ka wuce wurin, zafi kuwa in ka tuɓe riga me kuma zaka cire, fata? Ban musa masa ba don akwai gaskiya a ciki.

Wanda bai yi watan Agusta a Jidda ba wallahi bai san rutuba ba, wato zafi mai haɗe da laima. Zafin Kano ko Sakkwato busasshe ne, ka samu gindin darbejiya ka ɗan sarara. Nan kuwa Bahar Maliya ce ke turo laima, iskar kanta jiƙe take, gumin jikinka baya bushewa kuma bushewar gumin nan ita ce ke sanyaya jiki, shi ya sa zaka ga awo na nuna 38 amma ji kake kamar an kifa maka tukunya. Ina fitowa daga mota mai mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, gilashin idona ke yin hazo sai na goge shi da bakin riga kafin in ga lambar gida. Ƙurajen zafi a wuyan yara, tawul ya kwana a igiya bai bushe ba, ga kuɗin wuta ƙarshen wata. Kuma zafin ƙasar nan yana kisa, ba mu manta Hajjin 2024 ba, Makka ta kai 51.8, alhazai sama da 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ba banza ba hukuma ta hana aiki cikin rana daga 12 zuwa 3, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba.

Duk da haka ni zafin zan ɗauka, kuma dalilina daga bakin ƙanin nawa na same shi.

A ƙarshen Disamba rana bata fitowa a Mosko sai wajen ƙarfe 9, kafin 4 ta faɗi, wunin duka awa 7 ne. Ya shiga aji da duhu ya fito da duhu, azahar da la'asar da magariba duk sun taru masa wuri ɗaya. Ɗakinsa da ɗumi kam, bututun ruwan zafi na aiki, amma kafin ya leƙa waje sai ya saka kaya hawa uku da safar hannu da takalmi mai nauyi, ga santsi a hanya, to wa zai yi wannan wahalar don kawai yaje gaida mutum? Da bakinsa ya ce min yakan yi sati in ba a aji ba bai yi hira da kowa ido da ido ba. Yaron da a gida sai an kore shi daga majalisa!

Mu nan rana ce kawai aka ƙwace mana, dare namu ne. Ana idar da isha'i gari ya farka, iyalai su shimfiɗa darduma a Kornish, wato bakin teku, da fulas ɗin shayi, in ka shiga Makka ka bi ta Shara Mansur Hausa zaka ji ta ko'ina, ga hayaƙin tsire, ana ta gumi ana ta gaisawa. Suna, ta'aziyya, dubiya, duk da daddare muke yi ba wanda ya fasa don zafi.

Masu ɗaukar hanya zuwa Tabuk, can arewacin Saudiyya, lokacin sanyi su yi hoto da ƙanƙarar dutsen Jabal Lauz su juyo, wannan ƙanƙarar yini ɗaya ce, tana da daɗi. Ta wata huɗu daban ce.

Da muka zo yin sallama ya ce Yaya dan Allah kar ka kashe tukuna, bari in ƙara jin hayaniyar layinku. Na ɗora wayar a taga na bar masa ita har ya yi barci.